Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sharhi Kan Hangen Nesa a Gabashin Sakkwato

Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya da ke bayan ganuwar Sakkwato, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta gwabza da sojojin Turawan Ingila. Yaƙin bai daɗe ba. Masu da takubba da kibau sun kasa kusantar bindigogi masu aman harsashi, jama'a ta watse. Sarkin Musulmi ya nufi gabas da niyyar hijira, dubban mutane suka bi shi, har Turawa suka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Wazirinsa kuwa, Muhammadu Buhari, ya ja da baya zuwa Marnona ta ƙasar Wurno, tare da tarin jama'ar da ta baro birni. Can aka yi shawara da malamai. Daga baya ya komo Sakkwato, ya zauna ƙarƙashin ikon mutanen da aka yaƙa kwanaki kaɗan da suka wuce.

Wane ne cikinsu ya yi hangen nesa? Masu saurin yanke hukunci sun kasu biyu. Wasu na cewa Attahiru jarumi ne, Waziri kuma ya ji tsoro. Wasu na cewa Waziri ne mai hankali, Attahiru ya kai mutane ga halaka. Duk wanda ya tsaya a ɗaya daga cikin waɗannan maganganu bai duba abin da kowannensu ke ɗauke da shi a wuya ba. Attahiru shi ne shugaban daula, tutar Shehu na hannunsa, kuma bai fi 'yan watanni a kan gado ba. Da ya miƙa wuya, da daular ce gaba ɗayanta ta miƙa wuya da bakinta. Hijira kuwa hanya ce da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya bi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ba abin da Attahiru ya ƙago ba ne. Waziri Buhari yana kallon wani abu dabam: tsofaffi da mata da yara da marasa abin hawa, waɗanda ba za su iya tafiyar watanni cikin zafin bazara ba, ga masallatai da makarantu da kotunan alƙalai da za su zama kufai in malamai duk suka tashi. Ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi da tunani yana bayyana dalilansa, kuma bai ɓoye cewa zuciyarsa ba ta natsu da wuri ba. Sai da ya sake neman fatawa, aka ƙarfafa masa cewa in kowa ya tafi, ƙasar za ta rasa mai tsayar da addini a cikinta.

Kowace hanya ta haifi abinta. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunan Mai Wurno. Ɗan Waziri Buhari, wato Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama ma'ajin tarihin daular, ya tsare littattafan magabata har ya rasu a 1997. Amma zaman ma yana da ɗacinsa. Waɗanda suka zauna su suka riƙa tara wa Bature haraji, kuma a 1906 mayaƙan Sakkwato na tare da Turawa lokacin da aka rushe garin Satiru aka kashe mutanensa. Ina ganin Waziri ya yi abin da nauyin da ke kansa ya buƙata, ba don abin ya fito tsaf babu tabo ba, sai don ya lissafa mutanen da hukuncinsa zai faɗa wa tun kafin ya yanke shi, ya nemi shawarar waɗanda suka fi shi sanin hukunci, ya kuma yarda a rubuta dalilinsa domin na baya su auna shi. Matsoraci ba ya yin waɗannan abubuwa uku. Shi kansa kawai yake lissafawa, ba ya son shawara, kuma ba ya son a tuna.

Malaman tarbiyya sun daɗe da ba wannan hali matsayinsa. Imamu Gazali, wanda ake karanta Ihya'unsa a zaurukanmu, ya mayar da kyawawan halaye ga tushe huɗu: hikima, jarumta, kamun kai da adalci, ya sa kyakkyawan tsara al'amura a ƙarƙashin hikima. Ya nuna cewa kowane hali yana lalacewa ta gefe biyu. Jarumta in ta yi yawa ta zama ganganci, in ta gaza ta zama ragwanci. Hikima in ta karkace ta zama makirci da wayon banza, in ta gaza ta zama wauta. Malaman falsafar Girka, musamman Aristotal, sun riga sun yi irin wannan rabo, suka ce wannan hali ne ke nuna wa sauran halaye gwargwado da lokaci. Abin da ke nan gaskiya ne da kowa ya gani a unguwarsa. Mai kyauta da ba ya hangen gobe yakan rabar da abincin iyalinsa, ya wayi gari yana roƙo. Mai faɗin gaskiya da bai san wuri da lokaci ba yakan raba zumuncin da ya zo gyarawa. Halin kirki kowane iri yana buƙatar wanda zai ce masa nan ne, yanzu ne, kuma iya nan ya isa.

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane wadda ta cuce mu, wai yawan shiri rashin tawakkali ne. Ka ce wa mutum ya rage lodi, ko ya kai ɗansa rigakafi, ko ya matsar da gidansa daga bakin gulbi, sai ya ce abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da ke jayayya da ita. Sai dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira ya tanadi abin hawa, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya nufi kudu alhali Madina na arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. A Uhudu ya sa sulke biyu. Mutumin da ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umartarsa ya yi da ya ɗaure ta tukuna. Annabi Yusufu, da ya fassara mafarkin sarkin Masar, bai tsaya ga fassara ba, ya ba da tsarin ajiyar hatsi na shekara bakwai, har da dabarar barinsa cikin zangarniyarsa don kada ya lalace. Wanda ya ƙi shiri da sunan tawakkali yana ɗora wa addini kasalarsa ne.

Mutanen Wurno ba sa buƙatar a je da su nesa kafin su ga misali, don garinsu kansa hangen nesa ne ya gina shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lura cewa cin yaƙi bai isa ya tsare daula ba. Gobirawa da Azbinawa na iya dawowa duk rani, runduna kuma ba za ta dawwama a kan doki ba. Sai ya ɗauki tsarin ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane cikinsu su yi noma da sana'a da karatu, su kuma zama masu gadi. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya. Shi da kansa ya tare a Wurno, yana fuskantar inda haɗarin yake, kuma can ya rasu a 1837, shekara guda bayan nasarar yaƙin Gawakuke, kabarinsa na nan. A nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan tushen siyasa, ya lissafa cikin aikin shugaba kula da manoma da maƙera da marina da masu magani, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da gina ganuwa, da kwaɗaitar da talakawa su nemi abinci su kuma adana shi don gaba. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso a 1853, a Wurno ya zauna wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Abin lura a nan shi ne Bello bai ɗauki hangen nesa a matsayin zama a jira ba. Aiki ne na tubali da garma da alƙalami, ana yinsa tun ƙura ba ta taso ba.

Wannan ma'auni ne nake ganin ya dace a auna jikan gidan da shi, Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah kuma ya riƙe hakimcinta tun daga 1934 kafin ya zama Sardauna. Ranar 31 ga Maris 1953, a majalisar wakilai a Legas, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da abin ya yiwu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, aka kira su 'yan amshin shatan Turawa, kuma cikin watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano aka yi asarar rayuka. A gida ma 'yan jam'iyyar NEPU na ganin jinkirin yana kare sarakuna ne fiye da talakawa, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Amma dalilin Sardauna a fili yake: Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani da za su riƙe ofisoshi in Turawa suka tafi. Da ya ce a jira sannan ya koma ya kwanta, da masu zaginsa sun yi gaskiya. Abin da ya biyo baya shi ne horar da 'yan Arewa aikin mulki da shari'a a Kongo ta Zariya, da tura ɗalibai ƙasashen waje, da zuga 'yan makaranta su shiga soja, da masaƙar Kaduna, har aka kai ga buɗe jami'a a Zariya a 1962. Yamma da Gabas sun karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa ta karɓi nata ranar 15 ga Maris 1959. Duk mai cewa a dakata, a tambaye shi me zai yi cikin dakatawar. In ba shi da amsa, to jan ƙafa ne kawai.

Ban son a ɗauka wannan hali na sarakuna da waziri ne kaɗai. Inda ya fi zama da rai a yau shi ne wurin manomi. Dubi yadda yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, don in ruwa ya yanke da wuri gero ya riga ya kai, in kuma ya daɗe dawa ta biya. Dubi mai yin binne, wanda ke zuba iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko: kasada ce, amma mai hankali ba ya binne irinsa duka, yakan rage na sake shuka. Dubi yadda ake ware damman iri a rumbu, a haramta wa gida taɓa su ko da tukunya ta kwana ba a ɗora ba. Ga uwar gida da akuyarta da 'yan kajinta da adashinta, waɗanda su ne ke tsayawa ranar da ciwo ya faɗo cikin dare. Ga masu albasa da tafarnuwa na fadamun Wurno da Goronyo, masu auna ko su sayar lokacin da kasuwa ta cika, ko su ajiye su jira tsada alhali sun san wani kaso zai ruɓe. Ba daga littafi suka koyi wannan ba. Yunwar Kakalaba ta 1914 da farin shekarun 1973 da 1984 sun bar darasi a gidaje, kakanni suka miƙa wa jikoki.

A nan ma akwai iyaka. Wanda ya ajiye abin da iyalinsa za su ci har kaka ya yi tattali. Wanda ya saye hatsin kasuwa ya kulle a sito yana jiran maƙwabtansa su galabaita ya ninka kuɗi, wannan shi ne wayon da Gazali ya ware daga hikima, kuma shari'a ta hana shi. Dukansu biyu suna kallon gobe. Bambancinsu shi ne ɗaya yana lissafa mutane cikin goben, ɗayan kuwa riba kaɗai yake gani.

To, a ina muka gaza? A ganina mun bar wa talaka hangen nesa shi kaɗai, alhali manyan haɗurran da ke cinye shi sun fi ƙarfin rumbunsa. Madatsar ruwa ta Goronyo ta isa shaida. An kammala ta a 1984 a kan gulbin Rima, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, domin noman rani da ruwan sha har birnin Sakkwato. Gina ta kansa tunanin gobe ne, bayan abin da fari ya yi wa Arewa. Amma a watan Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta shafe ƙauyuka da gonaki tun daga Goronyo har ƙasa, ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a ranin 2018, sai ga akasin haka: ruwan ya ja har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma, hukuma ta danganta abin da ƙarancin ruwan sama da kuma yashi da laka da suka cike cikinta. Ruwan sama ba a hannun kowa yake ba. Laka kuwa ba dare ɗaya take taruwa ba, shekara da shekaru take yi tana shiga, ana iya auna ta, ana iya yashe ta. Manomin da ya ci bashi ya sayi injin ban ruwa da taki, ya yi duk lissafin da ya dace da shi, sai ya tarar lissafinsa ya rataya ga wani lissafi da ba a yi ba a wani ofis.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar kula da koguna ma tana fitar da jerin wuraren da ake jin tsoron ambaliya. Ilimin yana nan ke nan. Tambayar ita ce ko yana isa kunnen mai unguwa da limami da sarkin noma cikin harshen da suke ji, a lokacin da zai yi amfani. Haka batun jiragen ruwa. A watan Agusta 2025 wani kwalekwale ɗauke da mutane fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Kowa ya san ranar kasuwa, kowa ya san watan da gulbi ke cika, kowa ya san mashigin. Mutum ɗaya mai iko a bakin mashigi, da rigunan kariya, da ƙa'idar yawan fasinja, ba su kai kuɗin kayan jaje ba.

Mafi zafi shi ne batun tsaro. A watan Yuli 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Gandi, suka kashe mutane fiye da 30, dubbai suka kwarara cikin garin Gandi suka cika makaranta. A watan Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutane fiye da 40 suka mutu. Wannan wuta ta yi shekaru tana ci a Zamfara, maƙwabciyar da ba wani shinge tsakani, tun tana rigimar burtali da satar shanu da rashin adalci a wurin masu sasanci. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da Sarkin Musulmi Bello ya kewaye da ribaɗi ta zauna da ƙauyuka masu nisa da juna, babu jami'in tsaro kusa, babu hanyar da za a kawo ɗauki cikin gaggawa. Matakan da aka ɗauka bayan abu ya lalace, irin su rufe layukan waya da aka yi a 2021, sun zo da nasu nauyin, don wayar da ɗan bindiga ke amfani da ita ita ce kuma wadda ɗan ƙauye ke kiran agaji da ita.

Yau magidanci a waɗannan wurare yana tsaye ne inda babu zaɓi mai daɗi. Ya koma gona ya yi kasadar ransa, ko ya zauna a gudun hijira yara su yi ta bara? In 'yan bindiga sun aza wa gari kuɗi kafin a yi noma ko girbi, kamar yadda ake yi a wasu garuruwan gabashin Sakkwato, a biya a ƙara musu ƙarfi, ko a ƙi a jawo hari? Matasa su ɗauki makami su rama, alhali an sha ganin ramuwar da ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba ta jawo wa gari abin da ya fi na farko muni? Ba na jin wanda ke kwana cikin birni da ƙofa a kulle yana da bakin kiran ɗayansu matsoraci ko mai ganganci. Abin da na lura da shi kawai shi ne dattawan da suka fi riƙe garuruwansu su ne waɗanda ba sa yanke shawara cikin fushi ko su kaɗai, suna fara fitar da mata da yara da iri, kuma suna hana a taɓa baƙo don laifin wani. Wannan iyakar abin da ke hannunsu ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Sauran yana wuyan masu riƙe da amana, kuma yana da lokacinsa a kalanda. Yashe madatsa da gyaran ƙofofinta da bakin magudanai aikin rani ne, lokacin da ruwa ya ja. Tantance mashigai da rabon rigunan kariya aikin bazara ne, kafin gulbi ya kawo. Tsara yadda za a tsare manoma a gonakinsu ana yinsa ne kafin shuka, don wanda bai shuka a Yuni ba babu abin da rakiyar soja za ta girbe masa a Oktoba. Wurno da Rabah suna da ɗan majalisar wakilai, Goronyo da Gada suna da nasu, ga 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai. Watan Fabrairu da Maris, lokacin da babu wanda ke maganar ambaliya, shi ne ya kamata ƙungiyoyin manoma su zaunar da su tare da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, a faɗa musu yawan lakar da ke cikin madatsar Goronyo, da abin da aka ware don kwashe ta, da sunan wanda zai sanar da ƙauyukan ƙasa kwana nawa kafin a buɗe ƙofofi.